Talotalon da na tanada don biki ya fara wari, in wanke in gasa ko in zubar?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, don Allah a taimaka min da shawara. Jibi muke da baƙi a gida saboda biki, na sayi talotalo babba a daskare kusan kilo 6, na fito da shi daga firiza na bar shi a kan tebur ya kwana don ya saki, da safe na mayar firij, yau kwana 4 kenan. Ɗazu na buɗe ledar sai na ji wani wari-wari, fatar kuma tana yauƙi. Maƙwabciyata ta ce in wanke da lemun tsami da ruwan khal in gasa sosai ba abin da zai faru. Wallahi kuɗin da na kashe ne ke damuna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki yi haƙuri ki zubar da shi, na san asara ba daɗi musamman ana jibi biki, amma naman nan ya riga ya tashi daga abin da za ki ajiye a gaban mutane.

Ko da ma bai yi wari ba, kwanan da ya yi a kan tebur kaɗai ya isa. Ɗanyen naman kaza ko talotalo ko agwagwa ba a barinsa a waje fiye da awa 2, in kuma ana zafi ya wuce digiri 32 a ma'aunin Celsius to awa 1 ne kawai, saboda tsakanin digiri 5 zuwa 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasu a cikin minti 20 sun ninka. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ki taɓa cikin naman ki ji har yanzu ƙanƙara ce ki ce ai da sanyinsa, alhali fatar da saman naman tun tsakar dare sun ɗauki ɗumin ɗaki suna ta tara cuta. Sannan ga kwana 4 a firij, shi kuwa naman da ya narke kwana 1 zuwa 2 ake ba shi a dafa.

Maganar lemun tsami da ruwan khal kuwa, warin kawai za su danne. Gashi ma ba zai cece shi ba, kuma nan ne nake so ki fahimta sosai. E, zafin digiri 74 yana kashe ƙwayoyin cutar Salmonella da Campylobacter, su ne aka fi samu a naman kaji, amma akwai ƙwayoyin da suke zubar da guba a cikin naman tun kafin a kai ga dafa shi, misali Staphylococcus aureus wanda ke zuwa daga hannu da hancin mutane, ita wannan gubar wuta ba ta lalata ta, ki gasa har ya yi baƙi tana nan, mutum ya ci bayan minti 30 zuwa awa 8 amai ya taso da murɗawar ciki. Yanzu ki tuna su wa za su zauna a gaban abincin nan, akwai yara ƙanana akwai tsofaffi wataƙila har da mai ciki, su ne abin ya fi kayarwa, abin da babba mai lafiya zai yi zawon kwana biyu ya miƙe su sai a kai ga ƙarin ruwa a asibiti.

Wani abu kuma, kada ki dogara da hanci kawai nan gaba. Ƙwayoyin da ke kawo wari da yauƙi daban, masu kwantar da mutum daban, kaza tana iya zama tsaf ba wari ba canjin launi amma tana ɗauke da Salmonella. In an ji wari an san ya ɓaci, in ba a ji ba sai a lissafa awa nawa ya yi a waje da kwana nawa ya yi a firij. Akwai dai ɗan warin da naman da aka matse a leda ba iska yake yi da zarar an buɗe, wannan in kin bar shi 'yan mintuna yana gushewa. Wanda ya tsaya yana tsami ko yana ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ga yauƙi mai manne wa yatsa, ko fatar ta koma toka-toka ko kore-kore, wannan ba shawara.

In za ki zubar ki ɗaure shi a leda biyu ki fitar waje inda yara da dabbobi ba za su kai ba, kada ki ɗanɗana kada ki ba kare. Inda ruwansa ya ɗiga a firij ki wanke da sabulu da ruwan zafi, ki bi da ruwan bilic cokali 1 na cin abinci a lita 4 na ruwa, duk abin da ake ci ɗanye wanda ruwan naman ya taɓa shi ma ki zubar.

To yanzu bikin. Kina da yau da gobe, lokaci bai ƙure ba. Ni dai shawarata ki manta da gudan talotalo a daskare, don narkar da shi a firij yana cin awa 24 ga kowane kilo 2 zuwa 2 da rabi, kin ga mai kilo 6 sai kusan kwana 3. Ki sayi yankakke, cinyoyi da ƙirji, ko kaji biyu uku waɗanda ba a daskarar ba, ki saya gobe ki saka a can ƙasan firij cikin roba mai murfi, jibi ki dafa, sun fi saurin dahuwa ma kuma sun fi sauƙin rabawa baƙi. In kuwa dole sai gudan, ki nutsa shi da ledarsa a rufe cikin ruwan sanyi kina canza ruwan duk minti 30, kowane kilo yana cin kamar awa 1, mai kilo 6 awa 6 zuwa 7 kenan, amma da ya saki sai wuta, ba a mayar da shi ajiya. Ruwan zafi kam a'a.

Kuma don Allah kada ki wanke sabon a ƙarƙashin famfo, na san da yawa hankalinsu ba ya kwanciya sai sun wanke amma feshin ruwan ne ke watsa ƙwayoyin a kan kwanuka da tebur, ki goge da takardar kicin ki jefar ki wanke hannu da sabulu, wuƙa da katakon yankan nama su ma daban da na kayan lambu. Wajen dahuwa in kina da ma'aunin zafin nama ki soka a inda cinya ta fi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba, ki ga ya kai digiri 74. Abin da ya rage bayan an ci ki yanka ƙanana ki saka firij kafin awa 2, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4.

In akwai wanda ya riga ya ci wani abu daga naman a sa masa ido na 'yan kwanaki, don Campylobacter yakan ɗauki kwana 2 zuwa 5 kafin ya nuna. Ya dinga shan ruwa da ruwan gishiri da sukari in zawo ya fara, amma in aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko aman da ba ya barin ruwa ya zauna, ko zawon ya wuce kwana 3, a tafi asibiti kada a tsaya. Allah ya mayar miki da alheri, ya sa a yi taro lafiya.