Amsa ga mai tambayar laifin da Yahudawa suka yi wa Hitler

Malam, ka tambayi wane laifi Yahudawan Jamus suka yi har gwamnatin Hitler ta tsane su, ta kuma hallaka su. Na zauna a Jamus lokacin karatu, na shiga sansanin Dachau da ke kusa da Munich, inda gwamnatin Hitler ta tsare mutane, da ƙafata, kuma abin da na fahimta shi ne duk wanda ya nemi dalilin a halayen Yahudawa ba zai same shi ba, domin yana wajen waɗanda suka yi ƙiyayyar.

Ƙiyayyar ta girmi Hitler da ɗaruruwan shekaru. Limaman coci a Turai sun daɗe suna ɗora wa Yahudawa alhakin gicciye Almasihu bisa imaninsu na Kirista, kuma a garuruwa da yawa an hana su mallakar gona da shiga ƙungiyoyin masu sana'a, aka bar musu ba da bashi da ruwa, sannan aka dawo ana zaginsu da son kuɗi. Da annoba ta ɓarke a 1348 sai aka ce su ne suka zuba guba a rijiyoyi, har aka ƙone ɗaruruwansu a Strasbourg a 1349. A ƙarni na 19 zancen ya tashi daga addini ya koma jini da asali, kuma nan ne ya fi muni, domin a da wanda ya karɓi Kiristanci yakan tsira, amma jini ba a tuba daga gare shi.

Sai Jamus ta sha kashi a yaƙin duniya na farko a 1918. Manyan hafsoshin da suka kasa cin yaƙin suka yaɗa cewa 'yan siyasa ne suka ci amanar sojoji daga gida, masu tsattsauran ra'ayi kuma suka manna wa Yahudawa wannan zargi. Laifi tudu ne. Yahudawa wajen 100,000 sun yi wa Jamus yaƙin nan, kimanin 12,000 kuma sun mutu a cikinsa. Kuɗin ƙasar ya zama takarda marar daraja a 1923, kuma a 1932 marasa aikin yi sun kai wajen miliyan 6. Mai jin yunwa yana neman wanda zai nuna da yatsa, Hitler kuwa ya nuna masa mutane kusan 500,000 waɗanda ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'a ba, yana kiransu 'yan jari-hujja da 'yan gurguzu a lokaci guda.

A ganina abin da ya mai da tsohuwar gaba ta zama kisan kiyashi shi ne shigar hukuma. Musolini ya hau mulkin Italiya a 1922, akwai ma Yahudawa a jam'iyyarsa, kuma bai kafa dokokin wariya ba sai 1938, bayan ya kusanci Hitler. A Jamus kuwa tun Afrilun 1933 aka kore su daga aikin gwamnati, dokokin Nuremberg na 1935 suka raba su da cikakken 'yancin ɗan ƙasa, suka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. A daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙone wuraren ibadarsu, aka farfasa shagunansu, sannan su ɗin aka ci tarar mak (kuɗin Jamus na lokacin) biliyan ɗaya. Ƙarshen tafiyar shi ne asarar rayukan Yahudawan Turai kusan miliyan 6.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne rabon ganima. Likitan da aka kora wani ya gaji marasa lafiyarsa, shagon da aka tilasta sayarwa da arha maƙwabci ya saya, kayan ɗakin waɗanda aka kwashe kuma gwanjonsu aka yi a fili. A titin da na zauna akwai ƙananan allunan tagulla da aka binne a daɓen ƙofar wani gida don tunawa da waɗanda aka kwashe daga cikinsa, kowanne da suna da shekarar haihuwa da inda aka kai mai sunan, kuma gidan yana tsakiyar unguwa, tagogin maƙwabta suna kallonsa ta kowane gefe.