Amsa ga ƙanwarmu da aka ce maigidanta yana da ƙari a ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum 'yan gida. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo. Ƙanwata, na saurari saƙonki sau biyu. Kin ce maigidanki, mai shekara 46, ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, abin da bai taɓa yi ba, aka yi masa hoton kai aka ce an ga ƙari. Kin ce tun ranar ba kya barci, don wata ta ce miki kansa ce, wato ciwon daji, kuma wanda aka buɗe wa kai ba ya dawowa daidai. Allah ya ba shi lafiya. Shekarata goma sha a ɗakin masu tiyatar kai ina aikin jinya, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Kalmar nan "ƙari a ƙwaƙwalwa" ba sunan cuta ɗaya ba ne. Cututtuka ne iri-iri, sun fi ɗari, aka haɗa su a laima ɗaya. Wani ƙarin mutum zai tsufa da shi bai ma san yana nan ba, wani kuma cikin 'yan watanni yake nuna ƙarfinsa. To kin ga kafin a san sunan nasa, kukan da kike yi kuka ne a duhu.

Wanda aka fi samu cikin waɗanda ke tsirowa a kan babban mutum shi ne meninjiyoma. Shi ba ma daga cikin naman ƙwaƙwalwar yake fitowa ba, daga tantanin da ya lulluɓe ta yake tsirowa, sai ya riƙa danna ta daga waje. Mafi yawansu ba kansa ba ne, a hankali suke girma, kuma mata sun fi maza samunsa. Na ga waɗanda aka cire musu shi suka koma bakin aikinsu. Wani ma idan ƙarami ne kuma ba ya damun mutum, likita cewa zai yi a bar shi, a dinga maimaita hoto ana lura.

Akwai na wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, bayan hanci, fituwitari. Mace sai al'adarta ta ɗauke, ko ta ga ruwan nono ba ta shayarwa, namiji kuma sha'awarsa ta ragu, wani ganinsa na gefe da gefe ya tafi har ya riƙa cin karo da ƙofa. Wani irinsa ƙwaya kawai ake sha, kabagolin, ya motse. Idan tiyata ce, yawanci ta hanci ake bi. Akwai kuma na jijiyar ji, kunne ɗaya ya riƙa ƙugi yana rage ji. Shi ma ba kansa ba ne.

Ba zan ɓoye miki ɗayan ɓangaren ba. Akwai giliyoma, masu fitowa daga cikin naman ƙwaƙwalwar kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ƙarin kai mataki 1 zuwa 4, kuma tun 2016 ba kamanninsa kaɗai ake dubawa ba, har da sauyin ƙwayoyin halittarsa, musamman wani da ake kira IDH, don wanda yake da wannan sauyin ya fi jin magani. Mafi tsanani shi ne giliyobilastoma, mataki na 4. Yana kutsawa cikin ƙwaƙwalwa kamar saiwa, ba ya ciruwa duka. Tun 2005 tsarin da ake bi shi ne tiyata, sai gasa ƙarin da hasken na'ura na mako shida tare da maganin temozolomaid, sannan a ci gaba da maganin na wasu watanni. Ko da hakan, matsakaicin tsawon rayuwa bayan gano shi, yadda bincike ya nuna, wajen wata 15 ne, wasu su zarce sosai, wasu ba su kai ba. Na faɗa ne don kada ki je ki karanta a intanet ki ɗauka nasa ne. Ba mu san nasa ba tukuna.

Af, na manta. A manya, ƙarin da ya taso daga wani sashe na jiki ya haura kai ya fi wanda ya tsiro a kan yawa. Huhu ne kan gaba, sai nono, ƙoda, hanji, da wata kansar fata. Don haka idan kin ga sun tura shi hoton ƙirji da na ciki, ba ɓata muku lokaci suke yi ba, tushen suke nema. Sannan wani lokaci abin da ya fito a hoto kamar ƙari sai a tarar tarin fuka ne ya yi dunƙule a can, ko mugunya ce ta taru. Shi ya sa hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Idan hoton CT aka yi masa, za su so wani hoton da ya fi nuna ƙwaƙwalwa dalla-dalla, MRI, irin wanda ake yin allura a jijiya kafin a ɗauka. Tabbacin ƙarshe sai an ɗebi ɗan yanki an kai ɗakin gwaji.

Maganar buɗe kai kuwa, haɗari akwai shi, ba wanda zai ce miki babu. Ya danganta da inda ƙarin ya zauna. Idan kusa yake da wurin magana ko motsi, akan tashi mutum a tsakiyar tiyatar yana hira da likita, don ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafin yanka, kuma da zarar maganarsa ta fara sarƙewa likita ya san ya tsaya nan. Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne, ba ya buɗewa ya ba baƙo wuri. Ko ƙarin da ba kansa ba, idan aka bar shi yana girma, matsin da zai yi ya isa ya makantar ko ya kashe ɓarin jiki. Jinkiri saboda tsoro shi na fi gani yana cutar da mutane.

Yanzu a gida: maganin jijjigar da aka ba shi kada ya tsallake ko sau ɗaya, kuma ya ajiye tuƙi tukuna. Idan an ba shi deksametason, na rage kumburi ne, za ki ga ya warware cikin kwana biyu kamar ya warke. Bai warke ba, ƙarin yana nan. Yana ɗaga suga, yana hana barci, kuma ba a yanke shi kwatsam. Idan ya sake faɗuwa, ki kwantar da shi ta gefe, kada ki sa masa cokali ko yatsa a baki, ki duba agogo. Ya wuce minti 5, ko ya riƙa amai da barcin da ba ya tasuwa, sai asibiti nan take.

Ga sauran 'yan gida da na ga kowa ya fara cewa shi ma kansa na ciwo: mafi yawan ciwon kai ba ƙari ba ne. Wanda ake tsoro shi ne sabon ciwon kai da ke ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba, da amai, ko ya zo da raunin hannu ko ƙafa ɗaya, gani biyu-biyu, ko halin mutum ya sauya haka kawai. Wanda ya tambaya ko wayar salula na jawo ƙari, manyan binciken da aka yi ba su tabbatar tana jawo shi ba. Kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Ƙanwata, ranar ganin likita ki tafi da takarda da biro. Ki tambaye shi me yake zargi, a wane ɓangare yake, girmansa nawa, kuma me zai faru idan aka jira. Ki ɗauki hoton takardar sakamakon ki turo min ta gefe, kada ki saka a nan. Da na tashi daga aiki zan kira ki mu karanta tare.