Sani, ga amsar tambayarka kan sheƙin jita

Sani, ka ce ka fesa wa gangar jitar nan fentin naitiro har ya yi kauri amma ta ƙi yin sheƙi irin na waɗanda ake sayarwa a kasuwar Alaba, kana tambaya ko ka ƙara feshi. Kada ka ƙara. Ɗauke ta ka karkata ta a ƙarƙashin fitila. Ka ga yadda hoton ƙwan yake wargajewa, saman ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo? Matsalarka ke nan. Sai fenti ya kwanta sumul yake mayar da haske, kuma samfefa ce ke kwantar da shi.

Amma ba yanzu ba. Naitiro yana bushewa ne ta hanyar fitar da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, a hankali, yana tsukewa yana nutsewa cikin itace. Ka rataye ta mako uku zuwa huɗu. Kai hancinka kusa, in har kana jin warin tina, da saura. Danna farce a gurbin da wuyan jitar zai rufe, in ya bar shaida, ƙara haƙuri. Wanda ya goge ɗanye zai ga sheƙi yau, bayan wata guda jijiyoyin itacen su fito. Naitiro shi ne irin fentin da kamfanin jita na Gibson ke amfani da shi har yau. Yawancin na kanti kuwa fentin roba ne mai saurin ƙarfi, don haka kada ka gwada lokacinka da nasu.

Sannan nan Legas ne, ba Kano ba. Daga Afrilu zuwa Yuli laima ta cika iska, tina na fita tana sanyaya saman, raɓa ta shiga fentin ya yi fari-fari kamar hazo. Wannan gefen da ka ce ya dushe, abin da ya same shi ke nan. Ka riƙa feshi da rana tsaka in gari ya buɗe, ka zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa, ka sa ɗan tina mai jinkirin bushewa. Masu kayan fentin mota a kasuwar Ladipo sun san shi. Kuma takunkumi dole ne, ɗana, huhunka ya fi jitar nan tsada.

In ta bushe, jiƙa samfefa mai lamba 800 a ruwa da ɗigon sabulu, ka naɗe ta a ɗan katako mai lafiyayyen ciki. Yatsu kaɗai suna barin kwari. Goga, share, duba. Duk ɗigon da ke ƙyalli rami ne da ba ka kai ba, ci gaba har ko'ina ya dushe bai ɗaya. Sai 1000, 1200, 1500, 2000, kowace lamba ta share zanen ta baya. Gefuna kuwa shafa kawai, fentin wurin siriri ne, nan da nan za ka ga launi a samfefarka. Toshe ramukan sukuru da kakin zuma tukuna, in ruwa ya shiga itace ya kumbura, fentin ya tsage.

Daga nan sai man goge, mai kaushi sannan mai laushi, kowanne da nasa ƙyallen auduga. In da inji ne, rage gudu, kada ka tsaya wuri guda, zafi na narkar da naitiro. Folish mai silikon kada ya shigo shagon nan, yana hana sabon fenti kamawa in an zo gyara.

Yau dai ka rataye ta nesa da ƙurar zarto, ka rubuta kwanan wata a jikin bango. In mai ita ya kira, ba ni wayar.