Littattafan Jiragen Sojin Sama: Wanne Za a Saya, Wanne Za a Bari?

Tambaya: Malam, ɗana yana aji biyu na babbar sakandare, ba shi da zance sai na jiragen yaƙi, burinsa ya shiga sojin sama. Wani mai gwanjon littattafai a nan Sakkwato ya nuna mini wani ƙaton littafi mai hotuna masu launi, ya ce duk jiragen yaƙin duniya suna ciki har da na Najeriya. Kuɗin da ya yanka mai tsoka ne. In saya masa? — Wani uba, daga Mabera

Alhaji, Allah ya yi wa yaron albarka, ya cika masa burinsa. Kafin ka sa hannu a aljihu, koma wurin mai gwanjon ka buɗe bayan shafin farko, inda ake rubuta shekarar bugu da ƙananan haruffa. Daga nan ka nemi shafin Najeriya. Idan ka ga an jera Jaguar da MiG-21 a matsayin jiragen da rundunarmu ke aiki da su, littafin ya tsufa ƙwarai. MiG-21 tun 1975 aka fara kawo su daga Tarayyar Sobiyat, Jaguar kuwa a 1984 daga Ingila, kuma duk an daɗe da ajiye su. Littafin da ya san halin da ake ciki dole ya ambaci Super Tucano guda 12 da suka iso a 2021, da JF-17 guda 3 da suka iso daga Pakistan su ma a 2021, da jirage masu saukar ungulu T-129 na Turkiyya da suka fara isowa a 2023. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, littafi ne na abin da ya wuce, kada a sayar maka da shi a farashin sabo.

Littafin da ke lissafa jiragen da ƙasa ke da su kamar kalanda yake, shekara na juyawa ya zama na bara. Wanda ke bayyana yadda jirgi ke tashi kuwa, yadda iska ke ɗaga fiffike, da bambancin injin farfela da injin jet, da abin da matuƙi ke karantawa a gabansa, wannan ko ya shekara 30 bai lalace ba. Saboda haka in ƙaton littafin nan yana da babi irin wannan, da zane-zanen cikin jirgi, ka taya shi rabin kuɗin, in ya sallama ka ɗauka. In hotuna ne zalla da jerin lambobi, bar masa kayansa. Yaron zai ga hotunan da suka fi waɗannan a wayarka.

Akwai maganar da ta fi damuna, zan faɗa maka ita domin ta fi littafin muhimmanci. Sanin sunayen jirage ba ya shigar da yaro NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna. Abin da ke shigar da shi shi ne kiredit biyar har da Turanci da lissafi, da maki mai kyau a JAMB, da cin jarrabawar tantancewa ta makarantar, da lafiyar jiki, musamman ido ga mai son tuƙi. Yara da yawa masu zafin sha'awa a nan suke tuntuɓe, kuma abin yana da ciwo. In kuɗin ɗaya ne, fara da littafin lissafi da na fiziks, ka kuma kai shi a duba masa ido tun yanzu. Littafin jirage ya zama tukwici idan sakamakon zango ya yi kyau.

Tambaya: Ina karatun tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, furojet ɗina a kan rawar da sojin sama suka taka a yaƙin basasa ne. An ce mini sai na mallaki Jane's. Gaskiya ne? — Ɗaliba, daga Runjin Sambo

'Yata, ba gaskiya ba ne. Jane's All the World's Aircraft kundi ne mai daraja, tun 1909 ake buga shi, amma aikinsa bayanin ƙirar jirgi: tsawonsa, nauyinsa, injinsa, kamfanin da ya ƙera shi. Ba zai gaya miki wa ya tuƙa shi a Kano ko a Inugu ba, balle dalilin da ya sa aka sayo shi. Ga tsada, domin ɗakunan karatu da ma'aikatu ake bugawa, ba ɗalibai ba. Abin da za ki ɗauka a ciki bai wuce shafi biyu ba. Ki fara tambaya a ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo da ke jami'arku, ko tsohon bugu ne zai biya miki buƙata, tunda jiragen 1967 kike nema.

In za ki kashe kuɗi, ki kashe a kan littafin da ya tsaya a kan yaƙin shi kansa. Shadows na Michael Draper, wanda ya fito a 1999, a kan yaƙin sama da jigilar kaya ta sama tsakanin 1967 da 1970 yake daga farko har ƙarshe. Irin wannan ne zai nuna miki yadda rundunar da aka kafa a watan Afrilun 1964, wadda Jamusawa suka fara horar da ita a Kaduna da ƙananan jirage irin su Dornier 27, ta wayi gari cikin shekara 3 tana karɓar MiG-17 na Sobiyat da L-29 na Cekoslobakiya, daga baya kuma Il-28 masu jefa bama-bamai, har da matuƙa 'yan Masar. Za ki ga ɗaya ɓangaren ma: titin mota na Uli da Biyafara ta mayar filin jirgi, da ƙananan jiragen MFI-9 da Carl Gustaf von Rosen, mutumin Suwidin, ya kai hare-hare da su a watan Mayun 1969.

Sai dai ki karanta da ido biyu. Yawancin abin da Turawa suka rubuta a kan wannan yaƙi daga bakin matuƙan da suka yi wa Biyafara jigila aka samo shi, muryar ɓangaren tarayya ba ta da ƙarfi a ciki. Ni a ganina nan ne furojet ɗinki zai yi armashi. Ki yi tanadin kuɗin mota zuwa Kaduna, ki zauna a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, ki bi tsofaffin kofe na New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo na waɗannan shekaru. Ki nemi abin da aka rubuta a kan Kanar Shittu Alao, shugaban rundunar da ya rasu a haɗarin jirgi a 1969. Kuɗin wannan tafiya ya fi kuɗin kowane kundi amfani a gare ki.

Tambaya: Wani a WhatsApp yana sayar da takardar PDF, ya ce cikakken lissafin jiragen sojin saman Najeriya ne, wai na sirri. In tura masa kuɗin? — Wani matashi, daga Gidan Igwai

Kada ka tura, ƙanena. FlightGlobal, kafar labaran jiragen sama, na fitar da kundin World Air Forces kowace shekara, kyauta ake saukewa, ƙasa bayan ƙasa, da irin jirgi da adadinsa da waɗanda aka yi odarsu. Galibi irin wannan ake cire wa bango a sayar wa wanda bai sani ba. In kuwa da gaske takardar sirri ce, riƙe ta a wayarka ma jawo wa kai fitina ne, a wannan yanayi da yankinmu ke ciki.

Za ka lura lissafinsu yakan saɓa da na The Military Balance, wanda cibiyar IISS ta Landan ke bugawa duk shekara. Ba ƙarya wani ya yi ba. Wani yana ƙirga duk jirgin da aka sayo bai faɗi ba, wani yana ƙoƙarin ƙirga masu iya tashi kawai, alhali jirgi kan yi watanni a rumfar gyara yana jiran kayan aiki daga waje. Duk adadin da za ka ambata, ka haɗa shi da sunan kundin da shekararsa. Kuma sha'awar ta tsaya a kan takarda: in ka je filin jirgin Sultan Abubakar III ka ga jirgin soja a ajiye, bar wayarka a aljihu, kada ka ɗauki hoto.