Amsa ga mai tambaya kan yaƙin Winterfell

Ɗan'uwa, ka ce jiya ka kalli kashi na 3 na zango na 8 na fim mai dogon zango Game of Thrones, wato kashin da rundunar matattu ta kai wa garin Winterfell hari, ya burge ka, amma da ka leƙa tsofaffin sharhin masoya sai ka tarar da zagi kaca-kaca, kana tambayar ko akwai abin da ya wuce ka. Babu abin da ya wuce ka. Kai a jere ka kalla, mu kuwa sai da muka sha jira.

Zango na 7 ya ƙare a watan Agustan 2017, na 8 bai fara ba sai Afrilun 2019. Duk tsawon wannan lokaci ba mu da aiki sai hasashe: wa zai mutu, me Night King, shugaban rundunar matattun, yake nema a jikin yaron nan Bran, Jon ne zai kashe shi ko Daenerys. Ga labari ya bazu cewa darakta Miguel Sapochnik, wanda ya yi kashin yaƙin nan mai suna Battle of the Bastards a 2016, ya shafe dare 55 yana ɗaukar wannan yaƙi a Ireland ta Arewa. Da aka saki kashin ranar 28 ga Afrilu, minti 82, kowa ya zauna da nasa fim ɗin da ya riga ya shirya a ka.

Farkonsa kam ba wanda ya kushe. Matsafiya Melisandre ta kunna wa takubban mahaya dawakai na Dothraki wuta, suka zabura cikin duhu, kana hango fitilun daga nesa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare tas, sai wasu 'yan dawakai suka dawo a guje ba mahaya. Ni a nan na ajiye abin da ke hannuna. Bayan nan ne aka shiga matsala. Ina ƙara hasken talabijin, ina kashe fitilar ɗaki, ina matsowa kusa, amma in ban da baƙi da ihu ba na gane komai. Faɗan dodannin a sama kuwa ko wanda ke cizon wani ban iya tantancewa ba. Mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, ya ɗora laifin kan saitin talabijin ɗin mutane da yadda ake matse bidiyo wajen turo shi ta intanet. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, don da na sake kallo da kwafi mai kyau na ga abubuwa da yawa, sai dai faɗa wa mai kallo cewa shi ne bai iya kallo ba tamkar zuba fetur ne a wuta.

Duhun ma da sauƙi. Abin da ya raba kan masoya shi ne yadda Arya, yayar Bran, ta zama wadda ta kashe Night King. A daren, bidiyoyin mutane suna tsalle suna ihu lokacin da ta saki wuƙar daga hannu ɗaya ta cafe da ɗayan sun cika Twitter. Washegari aka fara lissafi: tun 2011 ake tsorata mu da matattu, a ce dare ɗaya ya gama da su, Jon yana can yana yi wa dodo tsawa? Ni ina ɓangaren Arya. Ta yi wannan salon wuƙar da Brienne a zango na 7, wuƙar kuma ita ce aka so kashe Bran da ita tun zango na 1. Abin da ban yafe ba shi ne tsarin yaƙin: majaujawa a gaban sojoji, mata da yara a ɓoye cikin kusheyi alhali abokin gaba tayar da gawa ne sana'arsa, sannan a nuna gawarwaki sun danne Sam da Brienne, a juya kyamara, a dawo a same su garau.

Ka kuma lura da ranakun sharhin da kake karantawa. Mafi zafinsu an rubuta su ne bayan kashi na 5, da Daenerys ta ƙona babban birnin masarautar, King's Landing, lokacin da takardar koken a sake zangon take tara sa hannun da ya haura miliyan ɗaya. Haushin ƙarshen ne ya dawo baya ya shafi wannan kashi. Tunda ba ka kai can ba, ka daina karanta su, ka ƙarasa ukun da suka rage, sannan ka dawo mu yi musu.