Bai suma ba, amma har yau kansa na ciwo: kwamfuta za ta iya faɗa mana ranar da zai koma fili?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ni ke horar da ƙungiyar ƙwallon yara a unguwarmu. Ɗan bayanmu mai shekara 16 ya yi karo kai da kai da wani wajen tsalle. Bai suma ba, aka zuba masa ruwa ya tashi har ya ƙarasa wasan. Yau kwana tara yana fama da ciwon kai, hasken waya na damunsa, mahaifiyarsa ta ce ko karatu ba ya iya zama ya yi. Muna da wasa ranar Asabar. An ce akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake zuba mata bayanan ɗan wasa ta faɗi ranar da zai warke. Gaskiya ne? Hankalina a tashe yake, don ni na bar shi ya ci gaba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam koci. Yaron nan ba zai buga wasan Asabar ba, kuma a kai shi likita ya duba shi yau ko gobe. Abin da ka bayyana girgizar ƙwaƙwalwa ce.

Maganar kwamfuta tana da tushe. Wannan ciwon ba ya zuwa wa mutum biyu iri ɗaya: wani ciwon kai ne ke riƙe shi, wani jiri, wani idanu ke kasa bin layin rubutu, wani barci da fushi. Shi ya sa ake tara bayanan dubban majinyata a ba na'ura ta zaƙulo kamannin da idon likita ɗaya ba zai kama ba. A Amurka, a 2014 hukumar wasannin jami'o'i da ma'aikatar tsaro suka fara ɗaukar nauyin shirin bincike mai suna CARE, inda aka riƙa gwada ɗalibai 'yan wasa da ɗaliban makarantun soja tun suna lafiya, sannan a sake gwada wanda ya bugu. A Kanada, binciken Dakta Roger Zemek na 2016 ya bi yara kimanin 3,000, ya tarar kusan uku cikin goma suna da alamu har bayan kwana 28. Waɗanda abin ya fi daɗewa a kansu sun haɗa da 'yan mata, masu shekara 13 zuwa sama, masu ciwon ɓarin kai tun da, da waɗanda suka taɓa buguwa. A kan irin wannan ake ɗora wa na'ura motsin ido, yadda mutum ke tangaɗi a tsaye, da sinadaran jini, don tun makon farko a gane wa za a gaggauta tura wa ƙwararre.

Amma abin da take bayarwa ƙiyasi ne, ba rana ba. Yawanci ma aikin yana matakin bincike, kuma da bayanan 'yan can aka koyar da ita, waɗanda aka san yadda suke kafin buguwar. Ɗan wasanka wa ya gwada shi tun yana lafiya? Duk wanda ya ce ka biya kuɗi waya ta ba ka ranar komawa fili, kuɗinka yake so.

Ni abin da ya fi damuna a wasiƙarka kalma uku ne: "bai suma ba". Kullum sai na ji su, daga koci, daga iyaye, daga ɗan acaɓar da ya faɗi ba hular kwano, daga masu kallon damben da aka kai ɗan wasa ƙasa ya miƙe ana masa kirari. A wasanni, waɗanda suke suma ba su kai ɗaya cikin goma na masu girgizar ƙwaƙwalwa ba. Sauran duk idonsu biyu, suna magana, wasu har da gardamar a bar su su koma. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi, kamar kindirmo a ƙwarya. In aka jijjiga ƙwaryar ba sai ta fashe ba kafin na ciki ya motsu. Bayan buguwar, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna neman ƙarin kuzari don su gyara kansu, a daidai lokacin da jinin da ke isa gare su ya ragu. Cikin wannan halin, da kan ɗauki kwanaki ko makonni, bugu na biyu ko ƙarami ne zai iya jawo kumburin da ba a iya tarewa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma matasa ya fi kamawa. Rowan Stringer, 'yar shekara 17 mai wasan rugbi a Ottawa, haka ta rasu a 2013 bayan ta ci gaba da wasa da ciwon kai, abin da ya sa lardin Ontario ya kafa doka da sunanta a 2018.

Ruwan da kuka zuba masa kuwa, fuska ya wanke. Daga nan sai a wuce kemis a yi wa yaro allurar kashe zafi, ko a miƙa masa tiramadol, ciwon kai ya lafa, kowa ya ce an warke. Alamar da za ta gargaɗe mu aka rufe, ga shi tiramadol na sa barci da jiri, a rasa gane na magani da na rauni. In yaron ya fara mantuwa ko saurin fushi, sai wani ya ce iska ce ta taɓa shi, a yi ta hayaƙi har mako ya wuce. Masu hali kuma su yi hoton cikin kai da ake kira CT, ya fito fes, su zo suna ɗaga mini takarda. Hoton zubar jini da tsagewar ƙashi yake nema. Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a cikinsa. Tun 2024 dokokin ƙwallon duniya sun ba gasanni damar ƙarin canji na musamman saboda buguwar kai. Ƙungiyoyin da ke biyan 'yan wasa miliyoyi suna fitar da su, mu kuma muna mayar da ɗan mutane fili saboda kofin unguwa.

Idan ya yi ta amai, ciwon kan ya riƙa ƙaruwa, ya yi wuyar tashi daga barci, ya yi jijjiga, ya ga abu biyu-biyu, hannu ko ƙafa ya rasa ƙarfi, ko ya rikice, wannan ba jira: asibiti nan take, ko da tsakar dare.

In babu waɗannan, kada a kulle shi a ɗaki mai duhu. Matsayar taron ƙwararru na Amsterdam a 2022 ita ce hutu mai sauƙi na awa 24 zuwa 48, sannan a fara motsi. A binciken Dakta John Leddy na jami'ar Buffalo a 2019, matasan da aka sa motsa jiki daidai ƙarfinsu sun warke a kimanin kwana 13, masu miƙe gaɓɓai kawai kuma 17. To ya fara da tafiya ta minti goma zuwa sha biyar. In ciwon ya tashi sosai ya tsaya. Daga nan sassarfa, sai atisaye shi kaɗai, kowane mataki aƙalla kwana guda. Ba kai da ƙwallo, ba karo, sai alamu sun ɗauke, ya koma karatu sosai, likita kuma ya sa hannu. Ciwon kai, farasitamol ya isa, shi ma ba kullum ba.

Ka ba mahaifiyarsa littafi ta riƙa rubuta kowace rana: ciwon kai daga sifili zuwa goma, awa nawa ya yi barci, me ya tayar da ciwon. Ku tafi da shi wurin likita. Idan aka kai mako huɗu bai warware ba, ku nemi a tura ku ga likitan ƙwaƙwalwa da mai gashin ƙashi a asibitin koyarwa mafi kusa.