Yaya zan gane ƙudan zuman da ya zo jiya shi ne ya dawo yau?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne. Ina ajiye ruwan sukari don in ga ko ƙudan zuma na tuna wurin abinci, amma duk kamarsu ɗaya. Ta yaya zan yi wa kowanne alama ba tare da na cutar da shi ba?

Amsa: Ka yi sa'a, domin ƙudan zuma ba ya wahalar da mai yi masa alama. Da zarar ya kafa baki a ruwan zaƙi, hankalinsa ya tafi can. Tsoma bakin tsinke a fenti mai saurin bushewa marar ƙarfin wari, ka ɗiga masa a doron baya, tsakanin fukafukai. Haka Karl von Frisch, masanin Ostiriya da ya fassara rawar ƙudan zuma, ya riƙa yi, kuma aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 1973. Launi 5 da ɗigo biyu, na hagu da na dama, sun ishe ka bambanta ƙwari 25. In sun fi haka, akwai ƙananan lambobin roba da masu kiwon zuma ke manna wa sarauniya da ɗan gam.

Wurin da fentin ya faɗa ya fi launinsa muhimmanci. Kada ya taɓa ido, ko gindin fiffike, ko zaruruwan nan biyu na kansa da yake shinshina da su. Ka kiyayi gefen jiki ma, don ƙwaro ba ya numfashi ta hanci, wasu 'yan ramuka ne jere a gefensa. Nauyin ƙudan zuma kusan kashi ɗaya cikin goma na giram ne, saboda haka ɗigon da kake ganin bai kai komai ba, shi a wurinsa kaya ne.

Wanda ya ƙi tsayawa, a sa shi a firij na 'yan mintoci har ya lafa. Wasu kan sumar da shi da iskar kabon dayoksaid, amma ni ban ba ka shawarar haka ba: an san tana sa ƙudan zuma fara fita kiwo tun lokacinsa bai yi ba, kai kuwa halin nasa kake son aunawa.

Nan ne ɗalibai suka fi yin sakaci. In masu alama sun daina zuwa, mantuwa suka yi, ko kamun ne ya firgita su, ko fentin ne ya goge? Kafin ka fara rubuta sakamako, ware wasu ka kama su, ka taɓa su da busasshen tsinke, ka sake su, sannan ka kwatanta yawan masu zuwa. Wanda ka yi wa alama kuma, bar fentinsa ya bushe sarai kafin ya koma amya, in ba haka ba 'yan'uwansa za su lashe shi.

Sauran ƙwari kowa da nasa. Tururuwa gwanayen goge fenti ne, shi ya sa wasu ke ɗaura musu siririyar waya a ƙugu. A Jami'ar Lausanne ta Suwizalan, a wani binciken 2013, manna wa kowace tururuwa aka yi 'yar takarda mai zanen da kwamfuta ke karantawa, aka gano aikinsu na sauyawa da shekaru: daga reno zuwa shara, daga nan zuwa neman abinci. Fara da kyankyaso da ba su gama girma ba kuwa saɓa suke yi, alamar ta tafi da tsohuwar fata, sai an sake yi musu bayan kowace saɓa.